Layin da Kawu Sha'aban Yake Ja a Wuya

Kawu Sha'aban ƙanen Innarmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A ƙauyenmu da ke gefen Ɗanbatta, duk tsohon rubutun da ka gani a jikin shago, ko bayan kurar ruwa, ko ƙofar kemis, hannunsa ne.

Ba ya fara taɓa fenti sai an yi shawara. Idan mutum ya zo yana son tambarin shagonsa, sai Kawu ya share gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, ya ɗauki tsinke ya yi ta zana abubuwa a ƙasa, yana tambaya suna hira. Wanda bai yi wa mutum ba, sai ya sa ƙafa ya shafe. Wanda ya rage shi ne zai hau bango.

A Kano ya koyi aikin, wajen wani dattijo mai zanen jikin manyan motoci, Malam Khalilu. Shi ya sa shi ya ɗauki alkawari: duk abu mai rai da ya zana, to ya ja masa siririn layi a wuya, don kada ranar gobe ƙiyama a ce ya hura masa rai. Shi ya sa zakaran da ke rumfar mai kaji da san da ke bangon mahauta duk suna da farin layi a maƙogwaro. Muna yara mun ɗauka sarƙa ce ya saka musu.

Tun kafin in gama sakandare aikin ya fara ja da baya. Mutane sun gane bana, wato ledar talla wadda ake bugowa a birni a kafa da ƙusa. Da damina Kawu yana gonarsa ta gero da gyaɗa, da rani kuwa sai zama. Fentinsa ya riƙa bushewa a gwangwani.

Bara ƙungiyar matan garinmu ta sami injin matsar man gyaɗa, suka ce suna son tambari, a bangon ɗakin injin da kuma jikin kwalba. Inna tana cikinsu, ita ta roƙa a ba ɗan'uwanta aikin. Ranar da ta kai masa labari ina tare da ita. Muna fita na hango shi yana jiƙa buroshinsa a kananzir.

Ranar shawara ya yi aski, ya share gindin bishiyar, ya cika ƙasa da zane tun kafin su iso: kwanson gyaɗa a buɗe, ɗigon mai, turmi da taɓarya. Shugabar ƙungiya, Hajiya Juwairiyya, ta zo da sakatariyarsu Ramlat, malamar firamare. Bayan gaisuwa Ramlat ta ciro waya.

"Malam Sha'aban, na rage maka aiki," in ji ta. "Wata manhaja ce ta ƙirƙirarriyar basira. Ka rubuta mata abin da kake so, ta zana maka nan take."

Ta rubuta, hotuna suka fito. Ta sake rubutawa, wasu suka fito. Matan suka haɗa kai a kan wayar.

"Kai! Ku ga wannan, gyaɗa a kan bishiya kamar mangwaro!" Hajiya ta ce tana dariya. "Ramlat, aljanin naki bai taɓa zuwa gona ba."

"Hajiya ai sai mu ce ya sake. Ba ya gajiya, ba ya fushi."

Ba wadda ta dubi ƙasa. Ina kallo wata akuya ta ratsa ta tsakiyar turmin, Kawu bai kore ta ba.

Daga ƙarshe suka tsaya a kan hoton wata mata mai jan ɗankwali, tana murmushi, riƙe da kwalbar mai. Kawu ya karɓi wayar ya daɗe yana dubawa.

"'Yar wane gari ce?"

"Ba kowa ba ce, Malam. Babu ita a duniya."

"Ba uwa ba uba?"

"Sai dai ka aure ta ka zame mata dangi," in ji Hajiya. Aka yi dariya, har da shi.

Ya amince zai kwafe ta a bango. Ya yi kwanaki a kan tsani cikin rana, ni nake riƙe masa hoton da Ramlat ta turo a wayata. Wallahi ban taɓa ganin ya yi aiki irin wannan ba. Masu zuwa kasuwa suna tsayar da babur su kalla. Har masu shaguna suka fara cewa ya zo ya ga nasu bangon idan ya gama. Ya dawo gida yana faɗa wa matarsa Luba cikin murna.

Da ya gama komai, sai ya tsoma ƙaramin buroshi a farin fenti, ya yi bisimilla, ya ja layin a wuyanta.

Washegari Hajiya ta aiko a kira shi. Na bi Inna muka je.

"Malam Sha'aban, me ta yi maka ka yanka ta?"

"Hajiya ba yanka ba ne. Ai kin san haka nake yi. Zakaran Abdulmumini mai kaji ma haka yake."

"Zakara daban! Zakara ai dama na yanka ne. Wa zai sayi mai a hannun matar da aka yanka? Ramlat ta ɗauki hotonta ta tura wa dilan da zai karɓi kayanmu a Kano, ya ce shi ba ya son abin tsoro."

Ramlat ta ce a hankali, "Malam, ɗan shafa ɗaya ne fa. Ka rufe layin kawai, shi ke nan."

Inna ta matsa kusa da shi. "Sha'aban, don girman Allah. Ni na tsaya maka. Ka dubi yaranka."

"Yaya, na yi wa mutum alkawari, kuma ya rasu. Wa zan je in ce ya warware mini?"

Ya ce zai iya shafe fuskar gaba ɗaya ya bar hannu da kwalba. Suka ce su fuskar suke so. Ban ga laifinsu ba, su ma abincinsu suke nema. Shi ma na kasa ganin laifinsa.

Ranar kasuwa ta gaba aka sauko da bana daga motar Kano. Matar ce dai, da jan ɗankwalinta, wuyanta sumul. Aka kafa ta a kan zanen Kawu, ta rufe shi ruf. Masu shagunan da suka yi masa maganar aiki, wajen Ramlat suka koma. Yanzu ita take fito musu da tambari kala-kala su zaɓa, su aika birni a bugo.

Tun daga nan Kawu bai ƙara hawa tsani ba. Inna da shi suna gaisawa, amma ba sa doguwar hira. Gwangwanayen fentin Luba ta wanke, tana zuba wa kaji ruwa a ciki. Zakaran Abdulmumini ma an rufe shi da bana bayan Sallah. San mahauta ne kawai ya saura, shi ma ruwan sama ya cinye ƙafafunsa na baya.

Da ranin nan Kawu ya bi masu tafiya cirani. An ce yana tura baro a wata kasuwar hatsi. Kafin ya tafi na tambaye shi ko in ajiye masa buroshin nan a ɗakina.

"Ki ba Luba," ya ce. "Tana neman abin shafa wa tanda mai."