Ranar da Gwiwar Yaya ta Taɓa Ƙasa a Bakura

Gidanmu gidan fawa ne a Talata Mafara, kuma a wajenmu fawa da dambe tare suke tafiya. Kakanmu ya yi, babanmu ya yi har sai da ya bar haƙora biyu a fili. Ni kaɗai aka haifa da hannun riƙe alli. Na zama malamin firamare, na gaji zafin ran gidan ban gaji ƙarfin gidan ba, wanda kuwa ba ƙaramin rashin sa'a ba ne. Ƙarfin duk ya tattara ya tafi wajen yayana, wanda nake bi.

Yaya ɗan dambe ne na sana'a. Da rani yana yawon gidajen dambe na birane, in ruwa ya sauka ya dawo teburinsa na nama a kasuwa. Ya kai matsayin shago, wato gwanin da ake sa wa ido a duk filin da ya shiga, kuma shekara goma sha ɗaya yana ɗaura zaren dambe a hannu ba a taɓa kashe shi ba. Kisa a dambe shi ne a kai ka ƙasa. Ba sai ka faɗi warwas ba, ko gwiwa ce ko tafin hannu ya taɓa ƙasa, an kashe ka. An sha kumbura masa fuska har matarsa ta kasa gane shi, an sha tashi turmi uku, wato zagaye uku, babu kisa, amma ƙasa dai ba ta same shi ba.

Yana da makaɗi, wani tsoho mai kalangu wanda tun babanmu yake yi wa gidanmu kiɗa. Shi ya yi wa Yaya takensa, kuma a tsakiyar taken akwai wurin da kalangu ke cewa, "Gwiwa sai salla." Duk wanda ya tashi a garinmu yana jin maganar a bakin gangar ko ba a rera ba. In aka zo wurin, kafaɗar Yaya ta dama takan zabura da kanta, ko da shayi yake sha. Ni kuwa da ban taɓa dukan ko akuya ba, sai in ji ina tafiya ina buɗa hannuwa.

Wata shekara bayan an yanke shinkafa a Bakolori, aka shirya dambe a Bakura ranar Asabar da la'asar. Na tafi a bayan babur ɗin Yaya ina riƙe da jakar zarensa. Aka haɗa shi da wani matashi ɗan ƙasar Maradun, mutumin Gidan Goga, wanda 'yan bindiga suka tashi danginsa daga gida. Dogo ne siriri, bahago, babu wanda ya san shi. Da na gan shi har tausayinsa na ji.

Yanzu babu filin dambe da za ka je ka rasa samari masu ɗauka da waya suna sawa a shafukansu. Ranar sun jeru a gefe guda, inda rana take bayansu. A turmi na biyu matashin ya sami Yaya da naushi a ƙarƙashin kunne. Yaya ya yi taga-taga, suka cakume, suka karkata, jikin matashin ya kare shi daga alƙalin wasa da masu wayoyin. Kafin ƙiftawar ido Yaya ya miƙe. Muka yi ajiyar zuciya, kalangu ya ɗauka. Sai kawai Yaya ya sauke hannunsa, ya dubi matashin, ya juya ya fita daga fili yana kwance zarensa. Bai ce wa kowa uffan ba. Alƙali ya bi shi da kira, matashin ya tsaya sororo, kalangu ya mutu a hannun tsoho.

A kan babur na yi ta tambayarsa, shi kuwa sai ƙara wuta yake yi. Kafin mu iso gida hoton ya riga mu. An rubuta a kansa cewa shago ya ranta a na kare.

Wanda bai tashi cikin dambe ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Wanda aka kashe ana gaishe shi, a ce masa sannu da fama, gobe ma rana ce. Wanda ya gudu kuwa, ko wajen suna ya je sai an nuna shi da baki, kuma abin yana bin 'ya'yansa. Wani ɗan iska ya rage saurin hoton ya sa kukan kaza a ƙarƙashi. Wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce sayensa aka yi, wasu suka ce girman kai ne ya hana shi gaisa da yaro. Har a wani shirin wasanni na rediyo sai da aka buɗe layi, mutanen da ba su taɓa shan mari ba suna koyar da tarbiyyar fili. Na kwashe Lahadi ina zagin mutanen da ban sani ba a waya. Ran Litinin a makaranta na kusa shaƙe malamin lissafi saboda ya yi murmushin da bai yi mini ba.

A ranar ne tsohon makaɗi ya aiko gida. Ya ce shi bai ga abin da ya faru ba, amma in ta tabbata gudu ne, kalangunsa ba zai ƙara kiran sunan gidanmu ba.

Da aka tashi makaranta na wuce wajen Yaya. Na same shi a zaure yana wasa wuƙaƙe, don washegari Talata ce, ranar kasuwa. Shi ƙaramar waya ce da shi mai tocila, bai ga komai ba, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na tura masa tawa a gaba.

"Yaya, dibi abin da duniya ka hwaɗi. Mi yas sa kab bar hili?"

Ya kalla sau biyu, har da kukan kazar. Sannan ya ce, "Ashe ba su gani ba."

Ya ja ƙafar wandonsa ta hagu. Ga ƙujewa nan a gwiwa, ba ta fi faɗin kwabo ba, har ta fara bushewa.

"Ta taɓa, Malam. Kashe ni yay yi. Kai ba ka tuna abin da Baba ka ce muna? Wanda anka kashe ba shi da baki cikin hili. Shi kwance zarenai shi hita, shi bar mai kisa da murnatai. Ni ca nike kowa ya gani."

Tsohuwar al'ada ce, tun zamanin da filin dambe bai fi faɗin masussuka ba kuma kowa na ganin komai. Yaya ya bi ta sak a zamanin da abin da waya ba ta ɗauka ba bai faru ba.

Abin da na ce masa bayan nan, har yau in na tuna ina jin kunya. Na ga babu wanda ya ga gwiwar, daga shi sai Allah. Sai na ce mu tafi wajen mai ɗori a naɗe masa hannu, in ɗauki hoto in watsa, a ce targaɗe ya yi shi ya sa ya fita. Zancen gudu ya mutu, kisa bai hau kansa ba, take ya zauna yadda yake. Na tsara maganar tsaf, har da wanda za mu kira shaida. Ni da nake sa yara kamun kunne in sun yi ƙarya.

Ya ci gaba da goga wuƙa a kan dutse. "Malam, haka kaka koya ma ɗiyan mutane?"

Na ce ba maganar makaranta muke yi ba, maganar shekara goma sha ɗaya ce.

"Kana tsammani ba ta yi man zahi ba?" Ya ɗago, na ga idonsa ya faɗa. "Tun Asabar tuwo bai wuce man nan ba. Amma shi wancan yaro hwa? An kore su gida, ba gona, ba shanu, ba shi da komi sai hannunai. Ya kashe shago da ranar Allah, in tashi in ɓoye mai? Aradu ban iyawa."

Na fita ina huci. Na ji haushinsa ƙwarai, domin na san ya fi ni, kuma babu abin da ya kai wannan ciwo ga mai zafin rai.

Ɗan damben da abin kunya ya samu yakan ɓace daga gari ya yi wata biyu. Yaya kuwa ran Talata shi ya riga kowa kafa tebur a layin mahauta. Na nemi izini a makaranta na je na tsaya a bayansa, ni a dole mai gadi. Mutane suka yi ta zuwa, masu kallo sun fi masu saye. Wajen hantsi sai ga samari uku da wayoyi da ɗan makirufo mai soso a kai. Ko sallama ba su ƙarasa ba suka fara. An ce tsoro ka ji, gaskiya ne? An ce asiri aka yi maka? Nawa aka ba ka?

Na yunƙura. Yaya bai ko waiwayo ba ya ce, "Malam, tahi ka sawo man leda." Mutane suka yi dariya. Na yi taku biyu na tsaya.

Akwai wata dattijuwa da yake yanka wa nama. Sai da ya gama da ita, ya ƙara mata gyara, ya wanke hannu, sannan ya zagayo gaban tebur. Ya gaishe da samarin ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da iyaye, har suka rasa inda za su sa idonsu. Sannan ya ja ƙafar wando a tsakiyar kasuwa.

"Ku matso da abin naku shi gani da kyau. Ban gudu ba, ba a saye ni ba, ba wanda yay yi man asiri. Yaro ya buge ni, gwiwata ta taɓa ƙasa, alƙali bai gani ba, ni na ji. Kisa ne, kuma mai kyau ne. Laihina guda, da nit tahi ban ɗaga hannunai ba. Ku tahi ku neme shi ku ɗauke shi, shi ad da labari, ba ni ba."

Ɗayansu ya ce, to masu zaginka fa, me za ka ce musu? Yaya ya ce, "In sun zo kasuwa ga nama." Ya koma bayan teburinsa. Ya ɗauki wuƙa ya ci gaba da yanka.

Ba zan ce duniya ta tuba ba. Wannan hoton bai yi rabin yawon na farko ba, kuma wasu sun ce dabara ce ta rufe kunya. Amma a layin mahauta ranar babu wanda ya wuce bai miƙa masa hannu ba.

Bayan azahar tsohon makaɗi ya iso da kalangu a hammata. Suka yi doguwar gaisuwa, ya duƙa da ƙyar ya duba gwiwar kamar mai sayen bijimi. Ya miƙe ya fara kiɗa. Kasuwa ta yi tsit. Ya bi taken tun daga farko, da ya zo wurin nan na tsakiya sai hannunsa ya tsaya a sama.

"Ɗana, wagga magana ta gwiwa hwa? Mi za ni yi da ita?"

"Kai ta ga yaron da yak kashe ni, Baba. Shi gwiwatai ba ta taɓa ba tukuna."

Tsoho ya ce ba a taɓa cire magana daga taken mutum yana raye a ba wani ba. Yaya ya ce, "Shekara nawa kana hwaɗin gaskiya da ita. Kar ka tsuhwa kana ƙarya sabo da ni." Tsoho ya share ido da hannun riga, ya tsallake wurin, ya ƙarasa sauran taken.

Yaya bai daina dambe ba. An ƙara kashe shi sau biyu tun daga nan, shi ma ya kashe da yawa, kuma yanzu in ya faɗi sai ya ɗaga hannun abokin karawarsa kafin ya fita, saboda masu waya. Takensa yana nan da giɓi a tsakiya, kowa ya san abin da ke wurin a da.

Da rani ya yi nisa, wata Talata, na ci karo da hoton matashin nan a wani gidan dambe na birni. An fara saninsa, har ana rububin ɗaukarsa. Yana shiga fili, ga tsohonmu a gefe da kalangu. Na yi ta shawara da zuciyata, daga baya, da yake Yaya ya leƙo gida a makon, na kai masa a teburinsa na kunna masa. Ya sunkuyo yana saurare, wuƙa a hannu. Da kalangu ya ce "Gwiwa sai salla," kafaɗarsa ta dama ta zabura kamar kullum, kafin ya tuna ba shi ake kira ba. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Na kai yatsa zan kashe wayar, ni kaina hawaye sun cika mini ido.

Ya riƙe hannuna. "Bari, Malam," ya ce. "Sake sa man ita."