Ranar da na sallami muryar Gwaggo

Har yau ban gane inda muryar Gwaggo ta zauna ba a rabin awar da ta yi cikin na'ura. Na tambayi masu ilimi, sun yi mini bayani, na gyaɗa kai don kunya.

Bayan soja sun miƙa mulki ne aka buɗe wani ɗan gidan rediyo a Filinge, aka ɗauke ni aiki don na taɓa zama lakkwal, wato makarantar boko. Wani mai gyara ya zo daga Yamai da ordinata, wato kwamfuta, ya yi kwana biyu yana koya mini. Ya ce porogaram biyu ne ke aiki ciki, ɗaya na ɗaukar murya, ɗaya na watsawa. Tsakaninsu akwai wuri guda a ƙwaƙwalwar na'urar, kamar rumbun gida biyu. Kowanne sai ya kama wurin kafin ya zuba ko ya ɗiba, in an rufe shi ya saki. Ya nuna mini lamba a gefen allo mai ƙirga masu riƙe da shi.

"In ɗaya ya saki, abin ya ɓace?" na ce.

"Haba! Saki ba gogewa ba ne."

Wannan na riƙe gam. Ya ƙara da cewa ya sa wa wurin alama, ranar da mai riƙo na ƙarshe ya saki za a share shi, don haka in riƙa saukar da murya kan faifai tukuna. Wallahi na ji da kunnena. Amma ta yaya saki ba gogewa ba ne, kuma saki gogewa ne? Na bar maganar farko ta cinye ta biyun.

Gwaggo, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage a ƙauyenmu na Kurfai da ta san kirarin iskokin gidanmu daga farko har ƙarshe. Wata uku ina roƙonta ta zo in ɗauki muryarta. Ranar kasuwa ta shigo da ƙwaryarta, ta hararo makirfo, ta ce, "Sau guda za ni yi, ɗan nan. Ba a kiransu don wasa."

Ta yi. Ni da nake ji da sallata, sai da tsigar jikina ta tashi. Lambar gefen allo tana nuna biyu, muryar tana can cikin rumbun.

Da ta gama sai ta nuna na'urar da haɓa. "To, sallame su."

"Su wa, Gwaggo?"

"Waɗanda na kira mana! Mi aka koya maka lakkwal? A kira baƙi a bar su tsaye bakin ƙofa? Rufe abin ga duka."

A gidanmu haka ake yi, wanda aka kira sai an sallame shi kafin kowa ya tashi. Kuma ai saki ba gogewa ba ne. Na rufe mai ɗauka, lamba ta koma ɗaya. Na rufe mai watsawa. Ban ma ga sifiri ba, layin lambar gaba ɗaya ya tafi.

Na sake buɗe su. Suka kama wuri, lamba ta dawo biyu, har na sauke ajiyar zuciya. Na danna, shiru. Sabon rumbu ne suka samu, ba ko ƙwaya ciki. Na buga wa mai gyara waya, ya ce, "Ka sauke kan faifai?" Na kashe wayar don haushi, haushin kaina ne kuwa.

Na durƙusa gaban Gwaggo na ce ta taimake ni ta sake. Ta ɗora ƙwarya a ka.

"Sun tahi gida lahiya, mi kake ma kuka?"

Damina biyu ta ƙara a duniya, ba ta sake yi ba. Baiti uku na riƙe, na ukun ma ban tabbata daidai ne ba, kuma babu wanda zan tambaya.