Sinadarin da Ba Ya Kai Ƙiftawar Ido

Ranar nan ba ta fita raina har in koma ga Allah, kuma tun da wuri in faɗa muku, wawan labarin ni ne. Bokona a firamare ya tsaya, amma a lokacin ina jin ko likita sai ya nemi shawarata.

Zamanin siyasa ne, an shiga tsuke bakin aljihu, sabulu ma sai da layi. Ƙanena yana koyar da kimiyya a Bodinga, albashi sai an ga dama. Ni kuwa ina garin Shagari ina bin 'yan kwangila, na ƙudura sai ya ajiye alli ya biyo ni.

Na same shi a aji gaban wani jadawali mai gida-gida, kowane sinadari da ɗakinsa. Na tsaya a taga. Ya nuna na can ƙasa, ya ce waɗannan ba a haƙo su a ko'ina, masana ne ke haɗa ƙwayoyin zarra biyu da ƙarfin inji su zama guda mai nauyin gaske. Nauyin ya hana ta zama, sai ta yi ta fitar da tururi mai illa har ta tarwatse. Wata ko ƙiftawar ido ba ta kaiwa, amma an ba ta ɗaki.

Na ce alhamdulillahi, hujja ta samu. Na ɗauko ƙanen nawa sai gaban Inna, don maganarta ba ya tsallakewa. Na gyara babbar riga na yi bayani kamar alƙali. Na ce ga ɗanta yana kwana da yunwa don koya wa 'ya'yan mutane abin da ba a gani, ba a sayarwa, bai ma daɗe a duniya ba. Abin da ya mutu kafin a ce masa sannu, na ce, ai ba a yi shi ba.

Shi dai kansa na ƙasa, ya ce duk abin da ta yanke zai bi. Yanzu da na tsufa na gane ba daɗewa ce ke sa a ƙirga abu ba, amma ranar sai da aka koya mini.

Inna ta ajiye tsintar wake ta dube ni.

"Tsakaninka da shi na haihi wani da hantsi, bai kai azahar ba. Har yau in an tambai ni ɗiyana, da shi nika ƙirga. Shi ma ba a yi shi ba? Bar mai alli da allinai."