Abin da Na Yanke a Fim Ɗin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan nan, bayan la'asar, ina shago ina gyara bidiyon wasu mutane, Inna ta kira ni ta ce, "Rufe shagon ka zo. Kawunka ya cika."

Kawu, kai ka fara ɗora min kyamara a hannu ina ɗan firamare. Tela ne kai, amma da ka rufe keken ɗinki sai ka ciro tsohon majiginka, ka kafa farin zanin gado a bango, ka tara mu. Finafinan da ka ɗauka ba su da sauti, kai kake yi wa kowa murya. In Inna ta fito a bango tana budurwa, sai ka maƙale murya kana kwaikwayon faɗanta, ita kuwa ta jefo maka takalmi. Ba ka taɓa korar yaran maƙwabta ba. Wanda wandonsa ya yage wajen turereniya, sai ka ɗinke masa kafin ya koma gida, don kada a dake shi.

Bara, da majigin ya mutu, ka kawo min faya-fayan a gwangwanin alawa, har sun fara warin tsami. Ka ce, "Ɗana, mayar min da su irin na waya, kada su riga ni tafiya."

Na ɗauke su da na'ura, na zuba a kwamfuta. Sai na yi musu abin da nake yi wa na kowa: duk inda hoto ya yi rawa ko ya dushe, na yanke. A wani ƙaramin faifai da ba ka taɓa haska mana ba, akwai wata mata tana shanya, ta ba kyamara baya, rana ta cinye rabin hoton. Can ta waiwayo tana dariya, tana kare fuska da hannu. Na ɗauka gwajin kyamara ne. Na yanke, na goge don in samu wuri.

Ranar da muka kalla a falonka, jikoki sun cika ɗaki, ka yi dariya har da hawaye. Da aka watse, ka riƙo hannuna a bakin ƙofa, ka ce a hankali, "Mai shanyar fa?"

Na ce, "Ba ta fito da kyau ba, Kawu. Zan dawo da ita."

Ka ce, "To, in ka samu sarari."

Sarari na samu, ban dai yi ba. Ranar da na buɗe gwangwanin, faifan ya riga ya manne, in na ja sai ya karye a hannuna. Na rufe, na kasa faɗa maka. Ka ci gaba da ɗinka wa yarana kaya, ba ka sake tayar da maganar ba. Ni kuwa na rage zuwa gidanka.

A zaman makoki Yaya, babbar 'yarka, ta ja ni gefe ta ce, "Baba ya ce fim ɗin mamata yana wurinka." Ashe mai shanyar matarka ce ta fari, wadda ta rasu tana goyonta, tun ba a haife ni ba. Na faɗa mata gaskiya. Sai ta tambaye ni, "Yaya dariyarta take?" Na kwatanta mata iya abin da na tuna. Bai da yawa.

Ka yafe min, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da ita a Aljanna, fuska da fuska. Inna, Yaya, da sauran 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.