Tambayoyin Yaya Kaɗai Na Tsira da Su

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma akwai guda ɗaya da na san har in koma ga Allah ba zai bar raina ba. Shi ne yadda na zubar da maganganun yayata da hannuna, a yini guda, ina ma yaba wa kaina cewa na iya aiki.

Mu 'yan Kibiya ne. Mu biyu ne mata a ɗakinmu, ita ce babba, ni ce auta. A shekarun da aka dawo mulkin farar hula ta sami aiki a wani shagon buga takardu a Rano, na wani Alhaji mai kwamfuta ɗaya da tsohon janareta. Kullum da safe ta hau mota ta tafi, sai bayan la'asar ta dawo. Tana buga wasiƙu da katin biki, amma babban aikinta tambayoyin jarrabawa ne. Duk ƙarshen zango malaman firamare daga Durba da Kahu da Unguwar Gai su yi ta zuwa da takardunsu na rubutun hannu, wani rubutun kamar kaza ta yi tono, ita kuwa ta zauna ta warware shi.

Yaya ba mai magana ba ce, ni ce bakin gidanmu. Tana da wani littafi mai shuɗin bango da take rubuta abin da ke ranta. Ina aji biyu a sakandare na zaro shi daga ƙarƙashin katifa, na tsaya a tsakar gida ina karantawa da ƙarfi ina kwaikwayon muryarta, mutanen gida suna ta dariya. Ba ta dake ni ba, kuma da ma ta daka. Ta karɓi littafinta, ta wuce madafi ta cusa shi a murhu. Daga ranar ban ƙara ganin ta riƙe biro don kanta ba. Ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba, don a lokacin gani nake abin bai kai ya kawo ba.

Ita ta fara ɗora yatsuna a kan kibod, ita ce kuma ta tsaya tsayin daka har Baba ya yarda na tafi Kano karatun kwamfuta. Da na fara zuwa hutu, sai kaina ya kumbura. Nakan tsaya a bayanta a shago in ce abin da take yi a yini uku ni zan sa na'ura ta yi kafin a gama shan shayi. Sai dai ta yi murmushi ta ce in matsa ina tare mata haske. Ina shekara ta biyu a makaranta, da damina, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana huɗu. Kafin saƙo ya iso ni in taso, an riga an kai ta.

Bayan wajen shekara guda, wani hedimasta daga Durba, abokin Baba ne, ya zo gidanmu da buƙata. Ya ji Alhaji zai sayar da tsohuwar kwamfutarsa, ga shi kuwa tambayoyin jarrabawar makarantunsu na shekara da shekaru duk suna cikinta, a warwatse cikin ɗaruruwan fayil. So yake a tattaro masa su wuri guda domin sababbin malamai su riƙa dubawa. Ya ce ya san aikin wata guda ne. Na ce masa na yini guda ne, Malam.

Na rubuta ɗan ƙaramin furogiram irin wanda aka koya mana. Aikinsa ya buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, ya bi rubutun layi-layi. In ya tarar da layin da ya ƙare da alamar tambaya, ko mai gurbin cikewa, ya kwashe shi tare da zaɓin amsoshin da ke ƙasansa ya zuba a sabon fayil. Duk abin da ba haka ba, ya tsallake, don a wurina shara ne. Na je shagon na kwafo fayil uku a filashina, ɗan abin nan da ake sokawa a kwamfuta a ɗebi fayil, na gwada a gida, na ga abu ya yi daidai.

Ran Asabar na koma Rano. Kujerar Yaya tana nan yadda take, har da ɗan matashin da take jingina bayanta. Na kasa zama a kai, sai a tsaye na yi aikin. Na saki furogiram ɗin, yana ta buɗe fayil yana rufewa, kafin azahar ya gama. Alhaji ya gaya mini jibi mai saye zai zo ya ɗauki kwamfutar, kuma goge komai za a yi.

"'Yata, in akwai abin da kike so a ciki ki kwashe. Duk aikin marigayiya ne, ko don tunawa."

"Ba komai, Alhaji, na ɗauki abin da ake buƙata. Sauran takardun mutane ne kawai."

Gaskiyar magana, filashina zai iya ɗaukar rabinsu, in na dawo washegari in ɗauki sauran. Amma fita kawai nake son yi daga shagon nan. Ko buɗe abin da na'urar ta tara ban yi ba. Na buga shi a takarda, na aika wa hedimasta, ina jiran a zo a yi mini godiya.

Sai da aka yi kwana tara ya zo. Ya jingine babur ɗinsa a ƙofar gida, ya yi sallama, na fito zaure na durƙusa na gaishe shi. Ya yi godiyar, ya sa albarka, sannan ya buɗe takardun ya nuna mini wasu layuka da ya ja wa jan biro. Ya ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, waɗannan dai ba tambayoyinsu ba ne, kuma a ganinsa ni ya kamata in karanta su, ba shi ba.

Na karɓa ina shirin kare aikina. Tsakanin tambayar lissafi ta aji huɗu da ta jihohin ƙasa, sai na ga an rubuta: "Ko Auta ta sami ɗaki mai taga a makarantar nan?" Na juya shafi. "Wa zai riƙa tashinta sallar asuba, ita da barcinta kamar kasa?" Can gaba kuma: "Tsohon nan na Kahu da ya sa na rubuta wa ɗansa wasiƙa, anya yaron zai amsa?" Ba sunanta a ko'ina, amma da na rufe ido muryarta nake ji.

Na shiga ɗaki da gudu na kunna kwamfutata, na buɗe fayil ukun nan da na yi gwaji da su. Biyu ba komai. Na ukun ma da ido ba ka ganin komai, tambaya ta ashirin ce ƙarshe, sai farin fili a ƙasa. Na zaɓi shafin gaba ɗaya na mayar da launin rubutun baƙi, sai ga layi shida sun fito. Ashe tun da na sa ta ƙona littafinta, a nan ta koma rubutu. Alhaji ba ya yarda a ajiye abin kai a kwamfutarsa, don haka in ta gama buga aikin mutane sai ta gangara ƙasan shafi, ta mayar da launin fari, ta rubuta abin da ke ranta. Ba ya fita a takarda, ba mai gani a fuskar kwamfuta. Furogiram kuwa ba ruwansa da launi, ya karanta duka. Ya karanta kowace kalma da ta rubuta a shekarun nan, ya ɗauki masu alamar tambaya, ya watsar da sauran, kamar yadda na umarce shi.

A ranar na hau mota zuwa Rano. Alhaji ya ce an ɗauke kwamfutar tun ranar da ya faɗa, tana Kano wurin wani mai gyara. Washegari na bi ta har can. Mutumin ya nuna mini ita, ya goge ta tas, ya zuba sababbin abubuwa, har ya cika ta da finafinai. Na biya shi ya bar ni da ita kwana biyu, na gwada duk dabarar da na sani da wadda ban sani ba. Ko harafi ɗaya ban samo ba.

Abin da ya rage mini ke nan: tambayoyi arba'in da ɗaya, da layi shidan nan. A cikin shidan ta ba da labarin ruwan da aka yi da ya hana mota fita daga Kibiya, da kwaɗayin ɗanwake da ya dame ta tun safe. Na ƙarshen ya ce: "Auta ta koma Kano yau, ta manta ɗankwalinta a kan igiya. Na gani ban gaya mata ba, ko za ta dawo ɗauka." Ban dawo ba. Wani na saya a bakin makaranta.

Tambayoyin kuwa na haddace su kaf. Kowacce na san akwai magana kafinta, akwai magana bayanta, ni ce na ce a zubar. Wata ta ce, "To in na gaya mata haka, za ta ji daɗi ko dariya za ta yi mini?" Shekara nawa ke nan ina son in san mene ne wannan abin da ta so gaya mini. Wani lokaci ina tuƙa tuwo sai in tsinci kaina ina ba ta amsa a fili: ɗakin yana da taga, Yaya, har biyu. Kewarta ba ta ragu ba, sabawa kawai na yi.

Har yau wannan ce sana'ata, ina rubuta furogiram masu zaro bayani daga takardu, ina kuma koya wa ɗalibai. Abin da na koya a wannan rana, da tsada na saye shi: na'ura ba ta san shara ba, abin da ka kira shara shi take zubarwa. Don haka ba na yanke wa abu hukuncin rashin amfani sai na buɗe shi na duba da idona, ko takarda ce ko mutum. Masu shiru a cikin gidajenmu suna da magana, wuri kawai suke nema su ajiye ta. In kana da irinsu, ka zauna ka saurara tun suna nan. Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe mini gaggawata.