Baba Rotimi da Shuɗiyar Butarsa

Tun kafin masu masa su sauke kaskon farko, Baba Rotimi ya riga ya share gaban rumfarsa da ke bayan kasuwar Wunti. Zai jera tsummokaransa uku a kan benci, na wanki daban, na shafawa daban, na gogewa daban, kuma kaiton wanda ya cakuɗa masa su. Sai ya cika wata tsohuwar buta shuɗiya da ruwa, ya ajiye ta a inuwa, ya ɗaga kai ya dubi gabas. In ya ga hadari ya fara haɗuwa, sai ka ji ya ce, "Yau akwai aiki."

Shekara talatin da huɗu ke nan yana sa gilashin mota a garin nan. Amma abin da direbobi suka fi saninsa da shi yanzu shi ne wani ruwan kwalba da yake shafa wa gilashi, wanda suke kira maganin ruwa. In an shafa shi yadda ya kamata, ruwan sama ba ya kwanciya a gilashin, sai ya dunƙule ƙanana-ƙanana, iska ta kwashe shi. Kafin zuwansa kowa ya san dabarar direbobinmu da damina: a farke ledar omo a barbaɗa a gilashi, ko a murza garin taba, a yi bisimilla a hau titi, kai a waje ta taga kamar mai cigiyar akuya.

Kwalbar ba wani sirri ba ce, tana nan a shagunan kayan mota. Sirrin yana hannun Baba ne, da kuma taurin kansa. Ba ya shafawa sai gilashi ya huce a inuwa. Sai ya wanke shi sau biyu, ya bar shi ya bushe, ya shafa, ya jira ya yi fari-fari, sannan ya goge har gumi ya jiƙa masa riga. Duk da haka mota ba ta tashi sai direba ya shiga ya kama sitiyari, Baba ya kwarara ruwan butar nan daga sama, ya leƙo ya ce, "Ya gudu?" In akwai inda ruwan ya maƙale, a sake daga farko. Baba Kirista ne, ba ya fashin coci, shi ya sa direbobi ke tsokanarsa, "Baba, yau ma alwalar za a yi mata?" Shi kuwa ko murmushi ba ya yi. "Ita ce. Shiga ka zauna."

Ni ma na taɓa jin haushin wannan taurin kai, kuma a nan nake so in tona kaina.

Cikin watan Agusta ne, shekara uku da suka wuce. Mahaifiyata, Inna Kubura, ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Likitan zuciya a Jos ya ba mu ƙarfe biyu na rana, in mun rasa sai bayan wata biyu, kuma kowa a gida ya san jikin Inna ba zai iya jiran wata biyu ba. Maƙwabcinmu na Gwallaga, Sabitu, shi ya ɗauke mu a motarsa. Ya ratsa wajen Baba don a ɗan ɗaure masa waifa, abin share ruwan gilashi, da ke karkarwa, wai aikin minti biyu.

Baba ya ɗaure, ya kunna, ya saurara, ya girgiza kai. "Sabitu, injin waifa ya gaji. Jos za ka da wannan? Kawo mota inuwa."

Na ce, "Baba, don Allah ka bar mu, muna da marar lafiya."

Ya leƙa ya gaida Inna, sannan ya dube ni. "Malam, saboda Mama ne ba zan bari ba. Da kai kaɗai ne, sai in ce Allah ya kiyaye."

Minti arba'in muka yi a wurin. Ina ta duba agogo ina tsaki, har na faɗi maganar da nake jin kunyarta har yau, na ce wasu ba su san darajar ran mutum ba. Ya ji ni sarai. Ya ci gaba da goge gilashinsa.

Muna wuce Nabordo ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifa ya yi sau huɗu ya tsaya cak. Gefen titi duk ruwa ne, ba wurin fakewa, motoci kuma na biye da mu. Na riƙe hannun Inna ina salati. Sai na ga ruwan yana ta tsere a gilashi yana yin sama, titi a buɗe a gabanmu. Kafin Toro, a wata kwana, Sabitu ya hango ganyen da ake zubawa a titi, bayansa kuma tirela ce ta mutu a tsakiyar hanya. Ya taka birki a hankali, muka tsaya saura 'yan taku. Sai Inna ta ce, "Allah ya yi wa Bayaraben nan albarka." Biyu saura kwata muka shiga asibiti.

Baba, kai ne ka ga abin da mu ba mu gani ba. Kai ne na gaya wa baƙar magana ka mayar mini da aiki. Bauchi tana alfahari da kai, ni kuwa na fi kowa. Masu sana'ar garin nan, ku duba: mutum ne da bai taɓa sallamar aiki ba sai ya gwada shi a gaban mai shi. Direbobi kuma ku ji abin da yake maimaitawa kullum, cewa maganin ruwa taimako ne, ba ya hana a gyara waifa ko a rage gudu.

Yanzu da yanar ido ta fara hana shi gani, ya miƙa rumfar ga Istifanus, bakaniken da ke kusa da shi, har da tsummokaran. Ranar Asabar ya yi aikinsa na ƙarshe, kuma motar Sabitu ce. Inna ta ce ko da rarrafe sai ta je. Ta sauko daga keke napep da ƙafarta, da kwanon masa a hannu.

Na durƙusa na ce, "Baba, maganar ranar nan, ka yafe mini."

Ya ce, "Wane magana? Mama ya warke, shi ke nan."

Da ya gama gogewa sai ya ɗaga butar. Inna ta karɓa, ta kira shi da sunan 'yarsa Titi, ta ce, "Kawo, Baban Titi, yau ni zan zuba." Ta kwarara. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, amma bai iya gani ba. Ya juyo wajenta.

"Mama, ya gudu?"

"Ya gudu, Baban Titi. Ga ni tsaye, ai ka ga shaida. Mun gode."