Yankan Bahago a Cikin Kacala

Sule bai taɓa riƙe ko sarautar mai unguwa ba, amma a ƙauyensu da ke bayan Yasore kowa ya san rafi nasa ne, shi da ƙanensa Sahabi. Tun suna samari, da ruwa ya fara ja bayan kaka, su ne kan gaba a gayyar sharar rafi. Sule ba shi da magana, har matarsa Larai kan ce turmi ta aura, sai an daka yake amsawa. Sahabi kuwa bakinsa ba ya hutawa, ga shi bahago, laujensa ma sai da wani maƙeri a Safana ya ƙera masa na hagu.

Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen damina ce, rafi ya kawo. Sahabi ya fita yankar wa awaki ciyawa. Kowa ya haye ruwa yadda ya iya, da aka taru a Batsari aka duba, babu shi. Ba wanda ya ga an kama shi, ba wanda ya ga ya faɗi. An yi addu'a, amma ba a yi masa sutura ba, abin da ya tsaya wa Sule a rai ke nan.

Bayan shekaru, da ƙura ta ɗan lafa, mutanen ƙauyen suka koma suka tarar babu rafi. Kacala ta cinye shi, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero. Ta fi mutum tsawo, ta toshe ruwa har fadamar ƙasa ta bushe. Babu kifi, babu kukan kwaɗi. Ko iska ba ta kaɗawa, in ka tsaya a bakin gaɓa sai ka ji ganyenta na gugar juna.

Sagiru, shugaban matasa, ya ce, “Baba Sule, mu bari ta bushe mu cinna mata wuta, kowa ya huta.”

Sule ya ce, “Wuta ai taki ce gare ta. A ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, ruwa ya shiga karan ya ruɓar da saiwar.”

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Zuciyarsa na gaya masa Sahabi na cikin ciyawar nan, kuma ba a ƙona Musulmi.

Aka yi gayya da farko, da kiɗa da fura. Amma sanyin ruwa da matsattsaku suka riƙa rage mutane, har Sule ya wayi gari shi kaɗai, ruwa iya ƙugu, yana lalube yana yanka.

Wata safiya ya tarar da yankakkun kara suna yawo kan ruwa a gaban inda ya tsaya jiya. Ya ɗauki ɗaya. Ɗanye ne shar, kuma yankan ya karkace daga hagu. Ya san yankan nan kamar yadda ya san muryar mai shi. Ya yi sallama cikin ciyawar, ba a amsa ba.

Da ya nuna wa Larai, sai ta ja da baya ta ce, “Malam, ka rabu da rafin nan. Wanda ya tafi ya tafi.”

Ya ce, “Ai ban ce miki yana da rai ba.”

Kullum da safe sai ya ga an ƙara. Yankan bai bi tsakiyar rafi ba, 'yar hanya ce ƙunƙuntacciya da ta lanƙwasa wajen tsohuwar mashaya, gindin kanya. Sule na tsoro, bai ɓoye wa kansa ba, amma ya bi ta yana faɗaɗawa. A inda ta ƙare ƙafarsa ta taka ƙarfe. Ya nitsa hannu ya ciro lauje na hagu, tsatsa ta cinye bakinsa, ƙotar ta ruɓe, ko igiyar rama ba zai yanka ba. A ƙarƙashinsa saiwoyi sun naɗe ƙasusuwa.

Aka tattara Sahabi a farin ƙyalle, aka yi masa salla, aka kai shi makwancinsa. Matasa suka dawo gayya ba wanda ya kira su. Ruwa ya sauka fadama, Sule ya dasa jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa, kwaɗi suka dawo da kukansu. Mutane suna ta ce masa Allah Ya sauke masa nauyi.

Har yau yana zuwa yankan tohon da ke sake fitowa. Kafin ya fara, sai ya kamo karan da ke yawo ya duba bakinsa. Duk na dama ne, nasa na jiya.

Larai ta tambaye shi me kuma yake nema, tunda an yi sutura.

Ya ce, “Mun saba yi mu biyu.”